Tattaki a Babban Titin Abu Hujar: Abin da Ƙafa Ta Gano wa Fatake



  

Kwamitin shirya taro ya ɗora mana nauyin yin magana a kan halin da fataucin gabas yake ciki, wato Sudan, domin da yawa daga cikinmu suna da kuɗi a can, wasu suna da kaya, wasu suna da iyali, wasu kuma suna ta tambaya ko lokacin komawa ya yi. In muka tsaya kawo labarin yaƙi da farashin canji, za mu maimaita abin da kowa yake ji a rediyo ne. Shi ya sa muka zaɓi gari guda da titi guda, mu bi shi da ƙafa tare da ku daga wannan baki zuwa wancan, tun da gani ya kori ji. Garin shi ne Abu Hujar. Abin da muke so ku riƙe kuwa shi ne wannan: a wurin da aka wawashe kaya, kuɗi suka zube, abin da ya rage ana ciniki da shi shi ne suna. Sunan Bahaushe a wannan titi jari ne na tarayya, kowa yana ci daga cikinsa, kuma mutum ɗaya yana iya ƙona shi.

Ga waɗanda ba su taɓa zuwa ba, Abu Hujar yana cikin jihar Sinnar, a gaɓar yamma ta reshen kogin Nilu da yake gangarowa daga Habasha, wanda ake kira Bahar Azrak. Yana kudu da Sinja, babban birnin jihar, a kan kwaltar da ta miƙe zuwa Damazin. Shi ne hedikwatar ƙaramar hukuma mai wannan suna. Gabas da shi kogi ne, yamma da shi kuma fili ne na baƙar laka iyakar ganin ido, har zuwa Dali da Mazmum, inda ake noman dawa da riɗi da tarakta. Garin ba birni ba ne, ba kuma ƙauye ba ne. Irin garuruwan nan ne na kan hanya da suke rayuwa da abin da ya biyo kwalta, kamar yadda muka san Wudil ko Gaya a kan tasu hanyar. A irin wannan gari ne ake fara ganin lafiyar kasuwa ko rashin lafiyarta, tun kafin manyan birane su sani.

Mu fara daga tasha, da sassafe. Abu na farko da ɗan kasuwa zai duba shi ne wace mota ce ta yi nauyi, kuma ina ta dosa. Da kaka, manyan motocin da suka nufi arewa su ne suke nishi da buhunan dawa da riɗi da gawayi, masu gangarowa kudu kuma suna ɗauke da sukari da fulawa da man girki da sabulu. In kuka ga mota ta sauke kaya ta juya wayam, to ku san ko dai amfanin gona bai fito ba, ko mai motar bai yarda da hanyar ba. Tun daga watan Yuni zuwa Oktoba kuwa, in ruwa ya sauka, duk abin da ya bar kwalta ya shiga hannun laka. Ƙasar nan irin ta bakin tafkin Cadi ce, da rani ta tsattsage, da damina ta riƙe taya kamar danƙo. Wanda bai kai kayansa ƙauyuka kafin ruwa ba, sai dai ya jira ko ya nemi tarakta da amalanken jaki, wanda su suke kira karo. Wannan kalanda ce da ba ta canjawa, ko ana yaƙi ko ana zaman lafiya.

A nan tashar za ku ji labarin hanya. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya fara ne a Khartum, amma ya gangaro. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, Sinja kuma a ƙarshen Yuni 2024, bayan an kama Jabal Moya, dutsen da yake tsare mahaɗar hanyoyin Sinnar da Rabak da Kosti. Watanni aka yi kwaltar nan tana yanke, garuruwan da suke kanta suka ɗanɗana kuɗarsu, jama'a suka watsu zuwa Gadarif da Damazin da sauran wurare. Sojoji sun karɓe Jabal Moya a Oktoba 2024, Sinja a Nuwamba, Wad Madani kuma a Janairu 2025. Daga nan ne motoci suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar hanyarmu ta yamma kuwa, wadda take tashi daga Maiduguri ta bi Gamboru da Kusuri da Njamena da Abashe da Adare, ta shiga Jinaina ta ratsa Darfur da Kurdufan, har yanzu fagen daga ce. Kada kowa ya ruɗe ku da cewa yana da sa hannun da zai wuce da mota lafiya ta can.

Kusa da tasha, a inuwar bishiya ko ƙarƙashin rumfa, akwai mata masu shayi da ƙananan kujerunsu da murhun gawayi da kwalaben citta da kirfa da na'ana'a. A gida mun saba namiji ne mai shayi, a can kuwa sana'ar mata ce, kuma da yawansu da ita suke riƙe da gida. Muna ba ku shawara ku zauna ku sha shayi ko kofin jabana kafin ku taya komai. Mai shayi ta san direban da ya kwana a hanya da dalilin kwanansa, ta san attajirin da ya daina biya wa abokansa shayi, ta san baƙon da ya zo jiya da wanda ya saukar da shi. Ku kuma sani, kamar yadda kuke karanta titi, haka titi yake karanta ku. Kafin ku kai ƙarshen kofi an riga an tambayi ko ku baƙin wane ne. In akwai amsa, ƙofofi sun buɗe. In babu, za a yi muku fara'a, a kuma sayar muku da tsada.

Daga tasha sai layin kantuna. Ku leƙa kan teburin mai kanti, za ku ga wani littafi da ya sha hannu. Shi ne littafin bashi, wanda mutanen Sudan suke kira jarura. A ciki ake rubuta sukari da man da gida ya ɗauka, a biya ƙarshen wata ko da kaka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a nan littafin ya fi akwatin kuɗi daraja. An fasa kantuna an kwashe kaya, ba wanda ya damu da ɗaukar littafi. Waɗanda suka dawo suka sake buɗewa, yawancinsu da abu biyu suka tashi: mutanen da suka zo da kansu suka biya tsohon bashi ba tare da an bi su ba, da manyan 'yan kasuwar Sinnar ko Gadarif da suka yarda suka ba su kaya a kan amana saboda tsohuwar sanayya. Wanda ya saba cika alkawari kafin yaƙi, ya samu mai ɗaga shi bayan yaƙi. Wanda ya saba da gobe-jibi, har yau ƙofarsa tana rufe.

A jikin ƙofar kantuna da yawa za ku ga an rubuta lambar asusu. Wannan ta Bankak ce, manhajar Bankin Khartum da ake tura kuɗi da ita ta waya. Ita ce ta riƙe ciniki lokacin da tsabar kuɗi ta ɓace. Sai dai ku lura da abubuwa uku. Na farko, sau da yawa farashi biyu ne, na tsaba daban, na turawa daban, kuma mai ba ku tsaba a madadin turawa yana cire nasa kaso. Ku tambayi wanne ake nufi kafin ku ce kun saya. Na biyu, manhaja tana tafiya ne da layin waya. A Fabrairu 2024 layuka sun ɗauke a kusan duk ƙasar, mutane suna da kuɗi a asusu amma ba su iya sayen burodi, sai da aka koma shagunan da suke sayar da intanet na Starlink da awa. Na uku, hoton shaidar turawa ba kuɗi ba ne. Kada a ɗora kaya a mota sai kun ga kuɗin a asusunku da idonku.

Sai kuma darajar kuɗin kanta. A Fabrairu 2021 gwamnati ta karya fam daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya. A cikin 2024 dala ta haura fam 2,000 a kasuwar bayan fage. A Disamba na wannan shekarar aka fara canja takardun fam 500 da 1,000, aka ce kowa ya kai tsofaffi banki. Duk wanda ya ba da bashin wata shida da fam, an biya shi cif, amma abin da aka biya shi ba ya sayen rabin abin da ya bayar. Shi ya sa za ku ji 'yan kasuwar titin nan suna ƙulla bashi da buhu: buhu kaza na karɓa, buhu kaza zan mayar, ko kuɗinsa a farashin ranar biya. Wannan magana ce da ya kamata mu kai wa malamanmu su tsara mana yadda za a yi ta ba tare da an taka haddin riba ba, domin tana tasowa a kowace iyaka da muke aiki, ba a Sudan kaɗai ba.

In muka ƙara gaba za mu iso wajen masu hatsi. Nan ne zuciyar garin. Dawa iri-iri ce, akwai fatarita, akwai tabat, akwai wad ahmad, kowace da farashinta da masu sonta. Ma'auninsu ba irin namu ba ne, kuma nan ne baƙo yake fara asara. Mu mun saba da mudu da tiya. Su ƙaramin ma'auninsu malwa ne, malwa 4 kela ɗaya, kela 12 ardab ɗaya, kuma a bakin kasuwa ana lissafa ardab da buhu biyu. Riɗi da ƙaro kuwa da kintari ake sayar da su, wanda yake wajen kilo 45. Gona ana auna ta da faddan, murabba'in mita 4,200, wato ya ɗan ɗara eka kaɗan. Wanda ya ji farashin ardab ya zaci na buhu ne, ko ya ji na kintari ya zaci na kilo 50 ne, ya riga ya faɗi tun kafin a ɗaure bakin buhu. Ku sa a auna a gabanku, ku sa hannu har ƙasan buhu, ku kuma nemi takardun zakka da na ƙaramar hukuma kafin mota ta tashi, domin a kowane shinge za a tambaya.

A wajen masu hatsin nan za ku ji kalmar shel. Shi ne manomi ya karɓi kuɗi ko abinci da damina, lokacin da rumbu ya ƙare kuma ciyawa ta taso, a kan zai biya da amfanin gona da kaka a farashin da mai kuɗi ya yanka. Mun san irinsa a gida. Riɗi ba ya jira, in ya nuna ba a yanke shi cikin 'yan kwanaki ba sai ya fashe ya zube, don haka manomin da ba shi da kuɗin 'yan ƙwadago dole ya karɓi duk abin da aka ba shi. Bayan yaƙi, da aka sace taraktoci da iri da mai, manoma sun fi kowane lokaci buƙata, kuma ribar shel ta fi kowane lokaci zaƙi. Muna roƙon 'yan ƙungiya su ji tsoron Allah a nan. Manomin da aka matse bana ba zai manta fuskar wanda ya matse shi ba, kuma ba sunan mutum ɗaya zai riƙe ba, cewa zai yi Hausawa ne. In za ku ba da kuɗin gaba, ku yi shi a gaban shaidu, a rubuce, a farashin da za ku iya faɗa a masallaci ba tare da kun sunkuyar da kai ba.

Daga bayan gari ake jin kukan dabbobi. Abu Hujar tsohuwar cibiya ce ta Larabawan Rufa'a al-Hoi, makiyayan da suke kai da komo tsakanin kogunan Nilu biyu, ga kuma Kinana masu shanun madara da aka san su da su, ga Fulani. Kafin 2011 garke yakan gangara kudu da rani ya dawo da damina. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle ranar 9 ga Yuli, 2011, sai makiyaya ta koma bayan iyaka, makiyaya masu yawa suka dawo arewa da dabbobinsu suka tarar tarakta ta cinye burtali. Mu da muke rayuwa da iyakoki mun san abin da layi ɗaya a takarda yake yi wa mutane. Tumakin da kuke gani a nan, wasunsu tafiyarsu ba ta ƙarewa sai Sawakin, daga can a sa su a jirgin ruwa zuwa Jidda.

Abin da ya fi jan hankalinmu a kasuwar dabbobi shi ne mutumin da ake kira damin, wato mai lamuni. Kowace ƙabila tana da nata. Shi ba mai dabba ba ne, ba kuma mai saye ba ne. Aikinsa shi ne ya tsaya ya shaida cewa ya san mai sayarwa, ya san dabbar tasa ce, kuma in daga baya ta zama ta sata, shi za a kama. Ana ba shi ɗan abin hannu a kan kowane kai. Ba shi da shago, ba shi da sito, abin da yake sayarwa shi ne sunansa. Iyayenmu sun san wannan tsari, domin shi ne aikin fatoma da maigida a zangunanmu tun daga Salaga har Kumasi da Ibadan: ya saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya masa a kan bashi. Wayar hannu ta sa wasunmu sun ɗauka an wuce zamanin maigida. Titin Abu Hujar yana nuna cewa ranar da layi ya ɗauke kuma banki ya rufe, maigida ake nema.

Yanzu mu juya wajen kogi, inda za ku fara jin Hausa a bakin yara. Wanda ya zo karo na farko yakan tsaya ya waiga, domin Hausa ce tsantsa, sai dai an yayyafa mata Larabci. Za ku ga mai agashe yana barbaɗa ƙuli da yaji a kan nama, kuma sunan nan agashe da duk Sudan ta sani daga bakinmu ya fito. Za ku ga mata da ƙwaryar godogodo, wato 'yar'uwar furarmu. Za ku ga masunta da kifin safe, da masu lambu da suke noma gaɓar kogi in ruwa ya janye, suna kawo albasa da kuɓewa da tumatir. Ga teloli, ga wanzamai, ga maƙera, ga almajirai da allunansu.

Waɗannan mutane ba jiya suka zo ba. Hanyar hajji ta ƙasa ta daɗe tana bi ta nan, mutum ya yi shekaru yana tafiya yana sana'a kafin ya kai Sawakin ya haye. Bayan Turawa sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira zuwa gabas, ya yi shahada a Burmi a Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har bakin wannan kogi, suka kafa garin Maiwurno kudu da Sinnar, wanda duk mai zuwa Abu Hujar daga arewa yake wucewa ta wajensa. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, hannun mutanenmu yana cikin waɗanda suka yi aikin. Haka kuma bayan madatsar Rusairis ta 1966, ƙauyukan Hausawa suka ƙara yawa a gaɓar kogi. Wani Baturen Ingila mai suna Mark Duffield ya zauna a Maiwurno a shekarun 1970, ya rubuta littafi a kan garin da ya fito a 1981, kuma cikin abin da ya bayyana har da yadda mutanen garin suka shahara da harkar manyan motoci. Ke nan sunan da muke magana a kansa an fi shekara 100 ana gina shi, da gumi da haƙuri da riƙon amana.

Amma suna ne da yake kan siraɗi, kuma dole mu faɗi wannan. A Yuli 2022 rikici ya ɓarke a yankin Damazin da Rusairis tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, a kan ƙasa da kuma neman sarautar gargajiya. Ya sake tashi a Oktoba a Wad al-Mahi. An rasa ɗaruruwan rayuka, dubun dubatar mutane suka bar gidajensu, kuma da yawansu ta wannan kwalta suka bi zuwa Sinnar da Rabak. A lokacin an ji ana kiran mutanen da aka haifi kakanninsu a nan da sunan baƙi. Mu da muke zuwa da fasfo mu koma, in abu ya ɓaci mota za mu hau. 'Yan'uwanmu na can ba su da wani gida sai nan. Duk abin da ɗaya daga cikinmu ya aikata a kasuwa, su za su kwana da shi.

Wannan ya kawo mu kusurwar da ta fi kowace haɗari. A kasuwannin yankin, kamar sauran wuraren da yaƙi ya ratsa, akan samu wanda zai matso kusa da ku ya rage murya, ya ce akwai injin ban ruwa, ko farantan sola, ko kayan gyaran tarakta, ko buhunan riɗi da ƙaro, a farashin da hankali ba zai ɗauka ba. Kowa ya ji labarin kasuwannin kayan ganima da suka tsiro a lokacin yaƙi, inda aka riƙa sayar da abin da aka kwasa daga gidajen mutane da gonakinsu da asibitoci. Waɗannan kaya ba su ƙare ba, suna nan suna canja hannu, kuma masu su na asali sun dawo suna nema. Manomi ya san injinsa ko an sake masa fenti. Makiyayi ya san tambarin da yake jikin saniyarsa. Ɗan kasuwar ƙetare shi ne wanda mai kayan sata ya fi so, domin shi ne zai fitar da su daga idon masu su. Araha ba ta ado, Alhazai. Ranar da aka tsayar da mota aka samu irin wannan kaya a ciki, ba direba kaɗai za a kama ba. Za a ce ga abin da Hausawa suke yi, kuma mai agashe da mai lambu da ba su san hawa ba su san sauka ba, su za su biya. Kafin hukuncin mutane ma akwai na Allah, domin dukiyar wanda aka kora daga gidansa da bindiga ba ta zama halal don ta ratsa hannu uku.

Tattakinmu yana ƙarewa a masallaci da la'asar sakaliya. A yawancin garuruwan Sudan, lokacin da komai ya tsaya, jama'ar unguwa ne suka kafa tukwane a masallatai da makarantu suna dafa wake da kunu ana raba wa kowa. Suna kiran wannan takiyya, kuma da kuɗin da 'yan'uwa na nesa suke turowa ta waya aka riƙa hura wutar. Ba a tambayar ƙabilar mai miƙo kwano. Mutane suna riƙe da sunayen 'yan kasuwar da suka buɗe sito a waɗannan kwanaki, suna kuma riƙe da sunayen waɗanda suka ɓoye kaya suna jiran farashi ya hau. In an idar da salla aka fito, ku lura da wanda ake tsayawa a gaisa da shi hannu biyu. Ba lallai ne ya zama wanda ya fi kowa kuɗi ba, amma shi ne wanda in ya ce a ba ku kaya za a ba ku.

Saboda haka muna gabatar wa wannan taro buƙatu huɗu, muna roƙon a tattauna su a kuma yanke shawara kafin a watse.

Na ɗaya, ƙungiya ta samu maigida sananne a kowane gari da muke sauka a kan wannan hanya, daga Sinnar da Maiwurno da Sinja zuwa Abu Hujar da Wad an-Nayil da Damazin, mutumin da dattawan wurin suka yarda da shi. Kada ɗan ƙungiya ya shiga kasuwa sai ta hannunsa, kuma a riƙa biyansa haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba.

Na biyu, a kafa doka cewa ɗan ƙungiya ba zai sayi inji, ko mota, ko dabba, ko amfanin gona mai yawa ba sai da takarda da mai lamuni. Wanda aka tabbatar ya sayi kayan ganima yana sane, a cire sunansa, a kuma sanar da masu masaukinmu cewa ba ya tare da mu.

Na uku, sakatare ya buɗe littafin tsofaffin basussuka na kafin yaƙi, namu da ake bi da waɗanda muke bi. Wanda ake binsa ya nemi mai kuɗin ko magadansa ya biya, ko da mai kuɗin ya rasa littafinsa. Wanda yake bin wanda aka wawashe ya sassauta, ya ba da lokaci, in da hali ya yafe wani abu. A sa malamai biyu da dattawa biyu su zauna a kan yadda za a lissafa bashin da faɗuwar kuɗi ta cinye.

Na huɗu, a ware wani kaso daga asusun ƙungiya a kai wa tukwanen jama'a da makarantun allo na garuruwan da muke ci a cikinsu, a ba da shi ta hannun mutanen gari, kuma kada a ware shi ga Hausawa kaɗai.

Ga masu tambaya ko lokacin komawa ya yi, amsarmu ita ce kasuwa tana motsi, buƙata tana da yawa, kuma wanda ya je da gaskiya zai samu. Amma a fara da kaɗan, a bi hanyar da hukuma ta buɗe, a riƙe takardu cikakku, a kuma je da kai kafin a aika kuɗi, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Matasanmu da suke ciniki ta waya daga ɗaki, muna roƙonku ku ware yini guda a duk garin da kuke tura kaya, ku bi titinsa da ƙafa, ku gai da mutane, ku bari a san fuskarku da ta iyayenku.

Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin 'yan ƙungiya da iyayenmu da suka share mana wannan hanya. Allah Ya tsare direbobinmu, Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya raba mu da haram komai arharta. Allah Ya maimaita mana, Ya kai kowa gidansa lafiya.